KOWA YA SAYI RARIYA YA SAN ZA TA ZUBAR DA RUWA

Yau zan ɗan ajiye zancen soyayya a gefe guda in ɗauko wata magana wadda a ido za a ga kamar ta makanikai ce, alhali kuwa ta shafi aljihun mutane da mutuncinsu, wani lokaci ma har da rayukansu. Maganar kuwa ita ce ta manyan motocin nan na alfarma masu tafiya a kan iska, da abin da ya kamata mai irinsu ya yi ranar da iskar ta fara tsiyaya.

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san yadda mota take shigowa labari. Maigadi zai taso a guje ya wangale get, Alhaji ko ɗan Alhaji ya danno hancin wata dalleliyar mota baƙa wuluk, ya yi fakin a rumfar adana motoci, ya fito yana baza ƙamshi. Wannan aikin labari ne kuma babu laifi a cikinsa, domin mai karatu ya biya kuɗinsa ne don ya ɗan huta da wahalar duniya. To amma shi labari a rumfar yake tsayawa, ita kuwa motar gaske daga nan nata labarin yake farawa. Shi ya sa nake son mu bi ta yau, daga rumfa zuwa gareji.

Mu ɗauki yankinmu na Kunci da ke arewacin jihar Kano, ƙaramar hukumar da aka sauya wa suna zuwa Ghari a shekarar 2024. Ƙasa ce ta manoma, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, gero da dawa da gyaɗa da wake su ne arzikin jama'a. Wanda ya taso daga birni zai sha kwalta ta Dawanau har Bichi, amma ranar da ya saki titi ya nufi ƙauyen iyayensa, sai burji da gargada, sai burtalin da amalanken shanu ya yi wa kwari biyu, da rani yashi, da damina taɓo da zaizaya. Ta irin wannan hanya ce 'ya'yan yankin da Allah ya buɗa wa a Kano ko Abuja ko Legas suke zuwa gida da sallah ko biki ko ta'aziyya, haka nan 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Abin da yakan faru kuwa sananne ne. Mota ta kwana a ƙofar gida tana tsaye ƙyam, gari ya waye a tarar ta gurfana kamar raƙumin da za a yi wa lodi, ko kuma ta karkace gefe guda taya ta shige cikin bodi. Yara su taru suna kallo, wata tsohuwa ta ce sammu ne, wani dattijo ya ce baki ne. Babu sammu, babu baki, roba ce ta tsufa.

Ga yadda abin yake. Motar da muka saba da ita nauyinta yana zaune ne a kan sifirin na ƙarfe, ko dai murɗaɗɗe irin na ƙananan motoci, ko kuma faffaɗan nan mai hawa-hawa irin na bayan Hilux da manyan motocin kaya, sannan ga shokazoba da ke hana ta tsalle-tsalle bayan ta faɗa rami. Ita kuwa motar alfarma irin su Range Rover da babbar Marsandi, a maimakon sifirin wata jakar roba mai kauri aka sa mata a kowace ƙafa, wadda ake kira balan-balan. Akwai ɗan injin hura iska, wato kwamfureso, da ke cika su. Akwai tankin ajiyar iska, da akwatin bawul da ke raba iskar ƙafa-ƙafa ta cikin siraran tiyo, da kuma ma'auni a jikin ƙafafun da ke gaya wa kwamfutar motar tsayin da take kai. Idan an yi lodi kwamfuta ta ƙara iska don kada bayan motar ya zauna, idan an hau babban titi ana gudu ta rage tsayi, idan an shiga jeji direba ya danna maɓalli motar ta ɗaga cikinta sama ta tsallake tudu. Daɗin da ake ji a ciki gaskiya ne, wanda ya taɓa shiga ya san za ka wuce gargada kamar kana kan katifa.

Sai dai fa duk wannan daɗi a kan roba yake zaune, ita kuwa roba ba ta da alƙawari da shekaru. Duk motsin da mota ta yi balan-balan ɗin yana naɗewa yana warwarewa a wuri guda, a daidai nan ne yake fara tsattsagewa kamar faso a dunduniya. Ka haɗa da zafin watan Afrilu na ƙasar Kano da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da tsakuwar burji da ke maƙalewa a cikin naɗin tana gogar robar, sai tsufan ya zo da wuri. Da farko ɗan yoyo ne wanda ba a ko jin sa, da safe a ga mota ta ɗan sauka, a tayar da ita ta miƙe, mai ita ya ce lafiya lau. Abin da bai sani ba shi ne kwamfureson da aka yi domin ya yi aikin ɗan lokaci ya huta, yanzu ya koma aikin ban-ruwa a kwando, yana hurawa tana zurarewa, har ya yi zafi ya ƙone. Akwai kuma wani ɗan gwangwani a jikinsa mai tsane danshin iska, idan aiki ya yi masa yawa ya jiƙe, sai laima ta shiga bawul ta lalata su. Ka ga gyaran abu ɗaya ya zama gyaran abu uku. Ranar da komai ya tsaya, motar za ta zauna a kan 'yan robobin tsaro na ƙarshe, duk ramin da aka faɗa ƙarfe ne zai daki ƙarfe, kuma a burtalin ƙauye cikinta zai rinƙa sharar ƙasa, tankin mai da salansa su ne a gaba.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo na ƙasarmu ne kaɗai, tare da fasahar aka haife shi. A shekarar 1957 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da wata Cadillac mai suna Eldorado Brougham tana tafiya a kan iska, mota ce ta attajiran attajirai, amma yoyo ya addabe ta har kamfanin ya jingine tsarin a farkon shekarun 1960, kuma da yawa daga masu ita suka cire suka mayar da sifirin na ƙarfe. Jamusawa sun sa wa Marsandi 300SE irinsa a 1961. Ita kanta Range Rover da ta fito a 1970 a kan murɗaɗɗen sifirin ta yi suna a duniya, sai a 1992 aka fara sa mata iska mai aiki da kwamfuta. Tsarin da Marsandi ke kira Airmatic kuwa a 1998 ya zo da babbar S-Class. An samu ci gaba ƙwarai daga wancan zamani zuwa yau, amma har gobe roba roba ce. A can ma ba a ɗauke ta abin da za a mutu a bar wa magada ba, kayan canji ce kamar taya da batir.

Abin da ya bambanta mu da su shi ne lokacin da motar take zuwa hannunmu. Mafi yawan irin waɗannan motoci da ke yawo a Arewa Beljiyam ne, Bature ya sha romonsu shekara da shekaru, ya rabu da su a daidai lokacin da robar ta kusa cika wa'adinta. Daga hannun Alhajin farko ta koma na biyu, daga na biyu ta faɗo hannun wani saurayi da ya ga farashinta ya yi ƙasa, har ya yi mamakin yadda babbar jif za ta yi arahar da ta kusa kamo ƙaramar mota. Bai tambayi kansa dalilin arahar ba. Tun daga watan Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya da ta daɗe tana ciyar da kasuwannin motocin Arewa ta yi rauni. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. Kayan gyaran irin waɗannan motoci kuwa duk da dala ake shigo da su. Saboda haka canza mota ya yi wuya, gyara ta da kayan kamfani ya yi wuya, dole mutum ya tsaya ya zaɓi hanya.

Hanyoyin da ke gabansa biyar ne. Ta farko, ya sayi sabon balan-balan mai tambarin kamfanin da ya ƙera motar. Ta biyu, ya sayi sabo na wani sanannen kamfani mai zaman kansa da ya ƙware a wannan sana'a. Ta uku, ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya aika Ladipo a Legas, a ciro masa na Beljiyam daga jikin wata motar da aka farfasa. Ta huɗu, ya sayi sabo mai araha wanda kwalinsa ke ƙyalli amma ba a san uban da ya haife shi ba. Ta biyar, ya cire tsarin iskar ɗungurungum ya mayar da motar kan sifirin.

Ra'ayina, kuma a kansa nake tsaye, shi ne babu abin kunya ko kaɗan a sa wa motar alfarma kayan da ba na kamfaninta ba, matuƙar an san wanda ya yi su kuma an faɗi gaskiya a kansu. Hanya ta biyu ita ce ta mai hankali, ta biyar ita ce ta wanda ya san motarsa a hanyar ƙauye za ta ƙare rayuwarta. Ta uku da ta huɗu kuwa asarar kuɗi ce da aka yi wa kwalliya.

Na san akwai masu cewa mota irin wannan ba a yi mata gwanjo, ko na kamfani ko a ajiye ta. Wanda yake da hali ya saya, Allah ya ƙara buɗi, ban hana shi ba. Amma ya kamata a sani cewa kamfanonin mota ba su ne ke ƙera kowane ƙarfe da kowace roba da ke jikin motarsu ba. Wasu kamfanoni ne irin su Bilstein da Continental da Wabco suke yi musu, a buga tambarin mai mota a sa a kwalinsa, farashi ya tashi. Sau da yawa shi wancan mai ƙerawar yana sayar da irin kayan a kasuwa da sunansa. Akwai kuma irin su Arnott na jihar Florida a Amurka, waɗanda sana'arsu ke nan, yi wa tsofaffin motocin alfarma sababbin ƙafafu. A can wannan ciniki ne na fili, har doka ta tsaya masa. Tun 1975 Amurka ta yi dokar da ta hana kamfani soke garantin kaya don kawai mai shi ya yi amfani da kayan gyaran wani kamfani, Tarayyar Turai ma ta yi makamanciyarta a kan motoci a 2002. To idan waɗanda suka ƙera motar ba su ɗauki abin a matsayin zubar da girma ba, mu da muka saye ta a hannu na uku ina dalilin ɗaga hanci?

Shi kuwa na Beljiyam, a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa, domin mun taso da imanin cewa tsohon kayan Turai ya fi sabon kayan ko'ina. A kan ƙofa ko bamba ko giya, wani lokaci har inji, maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma 'yan kasuwar da ke wannan sana'a sun rufa wa jama'a asiri ba kaɗan ba. Amma ka tsaya ka yi lissafi. Balan-balan ɗinka ya mutu ne saboda shekaru, shi kuma wanda za a ciro maka daga jikin sa'ar motarka aka ciro shi, shekarunsu ɗaya, sannan ya yi zaman jirgin ruwa da zaman shago a cikin zafi babu iska a cikinsa. An wanke shi an shafa masa mai yana sheƙi, amma fason yana nan a cikin naɗi inda ido ba ya kaiwa. Ka cire tsoho ka sa tsoho ka biya kuɗin aiki, bayan 'yan watanni ka sake dawowa, a tsakanin nan kuma kwamfureso yana ta cin wuya. An yi ba a yi ba ke nan.

Na huɗun ya fi wannan haɗari, domin shi na Beljiyam aƙalla an san asalinsa. Ba ina kushe kayan Chana ba ne gaba ɗaya, akwai masana'antun kirki a can, manyan kamfanonin duniya ma suna ƙera kaya a can. Abin da nake nufi shi ne kayan da babu sunan mai su, babu adireshi, babu garanti, idan ya fashe gobe babu wanda za ka riƙe. A yawancin waɗannan motoci balan-balan ɗin gaba haɗe yake da shokazoba, saboda haka wanda ya sayi jabu ya sayi jabun abu biyu. Shokazoba kuwa ita ke danne taya ta zauna a ƙasa. Idan ta yi sanyi, taya tana tsalle a kan gargada, burki ba ya kamawa yadda ya kamata, sitiyari ba ya jin magana a kwana. Ka ɗauki motar da ta haura tan biyu, cike da mata da yara, tana gudu a titin Katsina, balan-balan ya fashe a ƙafa ɗaya ta zube gefe guda. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa abin ya wuce maganar ado.

Saura batun mayar da mota kan sifirin, wanda shi ne ya fi jawo gardama a majalisa. Masu suka suna cewa an kashe motar, an mayar da ita akwala mai tambarin alfarma. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Laushin nan zai ragu. Maɓallin ɗaga ciki ya zama ado. Ranar da aka dawo daga ƙauye an cika but da buhunan gero da wake, bayanta zai zauna, fitilun gaba su ɗaga sama suna kashe wa masu tahowa ido, domin babu kwamfutar da za ta daidaita ta. A wasu motocin ma tsarin iskar yana magana da sauran na'urorin tsaro, cire shi ba wasan yara ba ne. Duk wannan haka yake.

Amma a ɗaya gefen, sifirin ba ya yoyo, ba ya buƙatar kwamfureso, ba ya gurfanar da kai a ƙofar gidan surukai. Idan ya gaji a hankali yake nunawa, kuma kowane bakanike daga Bichi har Kazaure ya san yadda zai yi da shi. Su kansu kamfanonin sun san da haka. Land Rover ta sayar da Discovery 3 da ta fito a 2004 iri biyu, mai iska da mai sifirin, haka ita ma Marsandi E-Class ta wancan zamani akwai mai Airmatic akwai mai ƙarfe. Iyayenmu da suka shiga Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba su san balan-balan ba, amma babu ƙauyen da ba ta shiga ba, kuma abin da ya sa ta yi ƙarko a ƙasar nan shi ne kayanta suna ko'ina, masu gyaranta suna ko'ina. Mutumin da duk mako sai ya bi burtali zuwa gona, wanda garejin da ke da kwamfutar duba motarsa yake can birni, idan ya zaɓi sifirin bai yi wauta ba.

Sharaɗin dai shi ne a yi abin da ƙa'ida. Akwai saitin sifirin da shokazoba da aka auna musamman domin nauyin kowace mota, har da ɗan akwatin da ke sanar da kwamfuta an canza tsari don ta daina kuka. Wannan daban yake da abin da ake yi a wasu gareji, inda za a ɗauko sifirin ɗin wata mota dabam a yanke shi da wuta, a yi walda a cusa, a ce an gama. Ƙarfen sifirin da wuta ta taɓa ya rasa ƙarfinsa, wanda aka auna don ƙaramar mota kuma ba zai ɗauki jif ba. Irin wannan aiki ko kyauta aka ce za a yi maka, ka ce ka gode.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi yi mini ciwo, wato ranar sayarwa. Mutum ya san ƙafar motarsa ta mutu, ko ya san ya cire iska ya sa ƙarfe, amma ya haɗa baki da dillali a rufe. A tayar da mota tun kafin mai saye ya iso don ta cika ta miƙe, a bar inji yana aiki ana ta zuba masa surutu. Fitilar gargaɗi da ke kan allon direba a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. A karɓi kuɗin mota mai lafiya, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi musabaha har da addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya. Kai jama'a! Dukkanmu mun san matsayin ɓoye aibin haja a addininmu, yaron da ke makarantar allo ma ya sani. Mutumin da ba zai yarda ya zuba tsakuwa a buhun gero ba, me ya sa yake ganin na mota wayo ne? Sifirin da aka sa aka faɗa gyara ne, wanda aka sa aka ɓoye kuwa algus ne. Haka shi ma mai shagon da zai sa ɗan kwali a cikin kwalin babban kamfani ya rantse maka gangariya ne. Hukumar SON da aka ɗora wa alhakin tantance ingancin kayan da ke shigowa ƙasa tana da aiki a gabanta, amma babu hukumar da za ta tsaya a kan kowane ciniki, dole sai da tsoron Allah.

Wani zai ce, malam, mutanen Kunci suna fama da tsadar taki, kai kana zancen ƙafar Range Rover, ina ruwan talaka? Da ruwansa. Kuɗin da ɗansa na birni yake zubawa a gyaran da ba ya ƙarewa, shi ne kuɗin takin da bai aiko ba, shi ne kuɗin makarantar ƙannensa da aka ce a yi haƙuri sai wani watan. Titin da motar za ta ƙwace a kai, shi ne titin da talaka yake bi da babur ɗinsa ya ɗauko iyali. Yaron garejin da ake turawa ƙarƙashin motar ɗan talaka ne, kuma mota mai iska tana iya zubowa ƙasa a cikin ƙiftawar ido idan aka saki tiyo ko kwamfuta ta ga damar rage tsayi, don haka shiga ƙarƙashinta ba tare da an tokare ta da ƙarfe ba ganganci ne da rai. Sannan 'yarsa ce ake zuwa zance wurinta da irin wannan mota, a ruɗi gida da dangi, a ɗaura aure, daga baya a gane motar ta fi amarya cin kuɗin cefane. Ƙannena 'yan mata masu karanta littattafai, ku riƙe wannan: tambarin da ke gaban mota ba ya faɗin abin da ke aljihun mai ita, wanda ya iya riƙe ƙaramar mota lafiya ya fi wanda babba ta riƙe shi.

Ga wanda ya riga ya mallaka, shawarata kaɗan ce. Kada ka jira sai ta gurfana. Da yamma ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka auna tsayin kowace ƙafa daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, da safe kafin ka tayar ka sake aunawa, ƙafar da ta sauka ita ce mai magana. Ka sa kunne, idan kwamfureso yana yawan tashi ko yana daɗewa yana gurnani, akwai inda iska ke fita. Ruwan sabulu da mai faci yake gano hujin taya da shi, shi ma yana tona asirin balan-balan da mahaɗar tiyo. Idan za a canza, a canza biyu tare, hagu da dama, domin tare suka tsufa. Idan kwamfureso ya ƙone, kada a sa sabo sai an toshe yoyon da ya kashe na farko, in ba haka ba shi ma bin sahu zai yi. Bayan an gama a sa kwamfuta a saita tsayi, a daidaita tayoyi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kamfanin da ya yi kayan da tsawon garanti, ka adana shi, ranar sayarwa ka miƙa wa mai saye tare da takardun mota. Wanda kuma zai saya, ya je ganin mota da sassafe ba tare da sanarwa ba, ya gan ta a yadda ta kwana, ya leƙa bayan taya ya ga roba ce ko ƙarfe, ya murɗa makulli ya tabbatar duk fitilun gargaɗi sun kama kafin su mutu. Ya tafi da bakaniken kansa, kada ya dogara da na dillali.

Ina kuma kira ga masu hali na yankinmu. Maimakon duk sallah a yi ta jan mota zuwa birni a kan babbar mota ana biyan kuɗi, me zai hana a ɗauki yara biyu ko uku masu ƙwaƙwalwa a kai su su koyi gyaran motocin zamani, a saya musu kwamfutar dubawa? Motocin da ke fitowa yanzu duk wayoyi ne da na'urori, bakaniken da ya tsaya a kan sifana da guduma kaɗai kasuwarsa tana raguwa. Wannan sadaka ce mai gudana, kuma kai ma da ka yi za ka ci moriyarta.

Ba ina cewa kada a hau mota mai kyau ba, Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Abin da nake cewa shi ne kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka biya kuɗin mota ka tambayi kuɗin ƙafarta, idan ka ji zai gagare ka, ka nemi daidai kai. Idan kuma ka riga ka saya, ka gyara ta da abin da aljihunka zai iya kuma hankali zai yarda da shi, sannan ka faɗi gaskiyar abin da ka sa.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Makanikai da masu sayar da kayan gyara da ke cikin masu karatu, ku ne da hannu a cikin man, wanda yake da ƙari ko yake da ja fili a buɗe yake. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya ba mu abin hawa mai albarka, ya raba mu da cin haram.